Kujera Uku Muka Biya Zuwa Agadas

Mu biyu ne, amma kuɗin kujera uku muka biya tun daga Kano. Ta ukun ta amfilifaya ce, wani baƙin akwati mai nauyin rabin buhun siminti, wanda ɗan yayata ya rantse ba za a ɗaure masa shi a saman mota ba ko da za a fasa tafiyar. Haka muka tashi da sanyin safiya a watan Janairun 2023: ni a bakin taga, shi a tsakiya rungume da gitarsa cikin jaka, akwatin kuma a gefe an lulluɓe shi da bargo kamar mara lafiya.

Yaron gitar bes yake kaɗawa, wato doguwar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ke riƙe gindin kiɗa. A Jos ya koya lokacin yana makaranta, a hannun abokansa masu kiɗa a coci. Da ya dawo Kano sai ya tarar sana'ar ba ta da kasuwa, domin a ɗakunan haɗa waƙa namu fiyano ɗaya ke yin aikin ganga da gita da bes gaba ɗaya. Sai wani Ba'abzine mai kaɗa gita, da ke zuwa sarin shadda a Kantin Kwari, ya ji shi a wayar wani. Za a yi bikin ƙanwarsa a Agadas, mai bes ɗinsu kuma ya tafi haƙar zinariya can arewa. Ya gayyace shi. Yaya ta kira ni ta ce, “Ko dai ka raka shi, ko kuma ba inda za shi.” Ni da ban san bambancin gita da garaya ba sai a ido, haka na zama ɗan rakiyar makaɗi.

Daren da za mu tashi ya kai ni ɗakinsa don in ji abin da zan sha wahala a kansa. Akwatin na can kusurwa, bango a baya, bango a gefe. A fuskarsa akwai maɓallai shida da ake murɗawa: gen, bes, mid na ƙasa, mid na sama, tirebul, sai masta. Kowanne ya ɗiga masa jan farcen ƙanwarsa a daidai inda yake son ya tsaya. Na bes yana dab da ƙurewa, mid ɗin nan biyu sun kusa mutuwa, tirebul ya wuce rabi sosai. Ya taɓa tsirkiya mai kauri sau ɗaya, sai na ji abin a hanjina kafin kunnena. Murfin kwanon da ke kan tebur ya kama rawa.

“Kawu, ka ji? Wata shida na yi kafin in samo wannan sautin. Ba mai taɓa mini shi.”

Gaskiya ya yi daɗi. Na faɗa masa haka, kuma har yau ban janye ba.

Kazaure, Daura, sai Kwangwalam. A kan iyaka wani jami'i ya sa aka buɗe jakar, ya ƙirga tsirkiyoyin da yatsa, ya tambaya ko biyu sun tsinke ne, shi ya san gita shida gare ta. Yaron da ma abin da yake jira ke nan. Ya tsaya cikin ƙura yana bayanin yadda wani Ba'amurke mai gyaran rediyo, Leo Fender, ya fitar da irin wannan gita kasuwa a 1951, don ya hutar da makaɗa daga ɗaukar ƙaton gogen nan da ya fi mutum tsawo, wanda kuma ba a jin sa idan ganguna suka tashi. Da yadda ya bi ta da amfilifayarta a shekarar da ta biyo baya. Jami'in ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya miƙo mana takardunmu. Muka bi ta Matamaye muka kwana Damagaram, inda ban ga komai ba sai manyan duwatsun nan da bangon fadar sarki cikin hazo, saboda gajiya.

Daga Damagaram zuwa Agadas tafiyar kilomita 450 ce ko kusa da haka, kuma ita ce ta ci mu. Bayan Tanut gonaki suka ƙare, itatuwa suka gajarce, daga nan sai ƙaya da raƙuma. Inda kwalta ta mutu direba kan sauka ya bi sawun waɗanda suka riga shi. Ƙura ta shiga ko'ina. Na ga amfanin rawanin Abzinawa a ranar, na kuma ga bargon da aka rufa wa akwatin ya koma launin ƙasa. Mun ci kilishi da burodi a Adarbisanat, muka gangara dutsen Tigidit da yamma, ana kiran magariba muka hango hasumiyar nan ta babban masallaci, wadda aka gina da laka tun 1515 aka sake ɗaga ta a 1844, tsawonta mita 27, itatuwa sun tsiro mata ta kowane gefe kamar bushiya.

Agadas garin Abzinawa ne, amma Hausa ce harshen kasuwa da na titi, don haka ban yi baƙunta ba sai a 'yan kalmomi. Janareto gurup ne, wutar lantarki kuran, amfilifaya kuwa ampili, duk daga Faransanci. Abin da ya ba ni mamaki shi ne matsayin gita a garin. Biki ba gita, a wurin matasansu, ba a yi biki ba. Nan Bombino ya fito, wanda faifansa mai sunan garin ya zaga duniya a 2011. Nan kuma ƙungiyar Etran de l'Aïr take, wato Taurarin Abzin, waɗanda tun 1995 suke kiɗan bukukuwa a unguwanni kafin Turawa su san da su. Masu masaukinmu ba su kai waɗannan suna ba, amma hanyar ɗaya ce: gita biyu masu kaifi suna zagaya juna, mai ganguna yana kora su da gudu, jama'a na tafi.

Ba a yi wani gwaji ba. Washegari da la'asar aka tare titi da tabarmi da kujerun roba, mata suka zauna gefe guda cikin lulluɓi masu ƙyalli, aka ja waya daga gurup. Yaron ya ajiye akwatinsa a tsakiyar fili, a bayan ƙafafunsa, ya duba kowane maɓalli ya tabbatar yana kan jan ɗigonsa. Da ya gwada shi kaɗai, sautin ya fito, sai dai ya rame. Ba shi ne na ɗakin Kano ba. Da gitocin nan biyu da ganguna suka shigo kuwa, sai ya ɓace ɗungurungum. Ina ganin yatsunsa suna aiki, ba na jin abin da suke faɗa. Ya waiwaya ya ƙara masta. Ya sake waiwayawa ya ƙure bes. Wata 'yar jar fitila ta kama a fuskar akwatin ta ƙi mutuwa, lasifikar ta fara wani irin ɓarɓar kamar tsohon babur mai fasasshen salansa. Na taka zuwa bayan taro don in ji yadda abin yake daga can. Gurnani ne kawai, ba ka sanin inda wannan amo ya ƙare wancan ya fara, kuma ya haɗu da babbar ganga sun dagule kamar kunun da aka dama da ruwan sanyi. Duk sanda ya taɓa maɓalli kuma sai a ji ƙarar-ƙarar, kamar ana taka busasshen ganye.

Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta tambayi jikarta, da ƙarfi yadda kowa zai ji, ko baƙon nan na Najeriya an manta ba a jona masa kuran ba ne.

Daren nan bai ci tuwo ba. Ya ce akwatin ne ya yi ƙanƙanta, wat 100 ba ta isa fili ba. Da yana da Ampeg SVT, mai wat 300 da lasifika takwas, wadda aka ƙera a 1969 don manyan filayen wasa, da sun ji bes. Na ce masa da yana da ita, da kujera shida za mu biya.

Da safe mai masaukinmu ya kai mu wurin wani tsoho mai gyaran rediyo a wata rumfa kusa da kasuwa. Duk ampilin da ke garin, in ji shi, ya taɓa kwana a rumfar nan. Tsohon bai ce komai ba sai da ya ɗora shayi a kan gawayi. Sannan ya kwance fuskar akwatin, ya fesa wani magani a cikin kowane maɓalli, ya dinga murɗa shi hagu da dama sau ashirin ko fi. Ƙarar-ƙarar ɗin ƙurar hanya ce ta shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Cikin minti goma ta tafi. Da ya mayar da fuskar sai ya tsaya yana kallon jan farcen.

“Wa ya yi maka wannan?”

“Ni ne, Baba.”

“A ina?”

“A ɗakina, a Kano.”

“To ɗakin ka taho da shi?”

Ni na yi dariya, yaron bai yi ba. Tsohon ya sa aka fito da akwatin waje, bakin rumfa, ya mayar da maɓallan sauti huɗu tsakiya, inda agogo ke nuna sha biyu, ya kashe masta gaba ɗaya. A wannan akwatin, ya ce, tsakiya na nufin ba ragi ba ƙari. Ba kowanne ne haka ba. Akwai tsofaffi irin na Fender da in ka sa komai a tsakiya ma sun riga sun rage maka mid, don haka sai mutum ya san nasa.

Daga gen ya fara. Ni da na ɗauka gen da masta duk abu ɗaya ne, ƙarar murya. Ashe gen ƙofar shiga ce, ita ke auna yawan abin da gita ke turowa cikin na'ura. Masta kuma ƙofar fita. Ya ce wa yaron ya bugi tsirkiya da iyakar ƙarfin da zai buga in rawa ta yi zafi, shi kuma yana murɗa gen a hankali har jar fitilar ta ƙifta, sannan ya ɗan koma baya. “Nan ne wurinta. In kana son ƙara, ga masta can. Wannan kada ka sake taɓa ta yau.”

Sai maganar bes, wadda ita ce ta fi daɗewa, har shayi na biyu ya huce. Abin da ya faɗa da abin da na karanta daga baya sun zo ɗaya. Tsirkiya mafi kauri a gitar bes tana girgiza sau 41 ne kawai a daƙiƙa guda. Sauran ukun 55, da 73, da 98. Amo mai zurfi irin wannan dogo ne, zangonsa ɗaya a iska ya kai mita takwas, kuma ba ya tafiya gaba kamar hasken tocila, bazuwa yake ta kowane gefe. A ɗaki bango na tare wanda ya nufi baya ya dawo da shi, kusurwa kuwa ta fi, bango biyu ne da ƙasa suke taya ka. Rabin girman sautin da na ji a Kano aron bango ne. A tsakiyar titi ba mai ba ka aron nan. In ka ce maɓalli zai biya maka, to da tsada zai biya: ɗan ƙarin da kunne zai lura da shi kaɗan, sai na'ura ta ninka ƙarfin da take fitarwa kafin ta ba da shi. Wat 100 ta ƙare a nan, takardar lasifika ta yi ta kai da komo har iyakarta, shi ne ɓarɓar ɗin da muka ji jiya. Da an ƙara awa guda a haka, in ji tsohon, da ƙauri za mu ji.

Saboda haka maimakon ya ƙara, sai ya rage bes ɗin, ya mai da shi ƙasa da tsakiya kaɗan. Yaron ya ɓata fuska kamar an rage masa nama a miya. Tsohon ya kama mid na ƙasa ya ɗaga kaɗan, sautin ya yi jiki. Ya kama na sama ya ɗaga fiye da haka, sai ga kowane amo ya fito da bakinsa, ana jin inda yatsa ya sauka. Tirebul ya dawo da shi ƙasa, domin ba abin da yake ƙarawa a nan sai tsakin tsirkiya da zizar gurup, kuma can sama gonar masu gita ce, ba a shiga musu.

“Baba, ai wannan ba daɗi. Kamar mai mura yake magana.”

“Kai kaɗai za ka yi kiɗan?”

Daga nan ya yi abin da ya gama gardamar. Ya karɓi wayata, ya ɗauki yaron yana kaɗawa a kan jan ɗigonsa na Kano, ya sake ɗaukarsa a kan sabon saitin, ya kunna mana duka biyun. Na farkon kusan shiru ne, sai ɗan ƙyas-ƙyas na tsirkiya. Na biyun kuwa ga kiɗan nan ɓaro-ɓaro, har za ka iya bin sa da baki. Dalili shi ne 'yar lasifikar waya ba ta iya fitar da girgiza 41 ko kusa da ita. Amma tsirkiya ba amo ɗaya take bayarwa ba. Tare da na gindin akwai 'ya'yansa a 82, da 123, da 164, har sama, kuma daga waɗannan kunne ke gane uban ko da bai ji shi ba. Maɓallan mid su ne ke riƙe da 'ya'yan. Wanda ya kashe su ya kashe shaidunsa. A ƙasar da waƙa ta daɗe tana yawo daga waya zuwa waya ta katin memori, har wani kamfanin Amurka mai suna Sahel Sounds ya tattara irin waɗannan waƙoƙi ya fitar a faifai a 2011, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Duk matan da ke bikin wayarsu na sama suna ɗauka, kuma abin da wayar ta ji shi ne zai isa Arlit da Tamanrasat.

Na tambayi tsohon inda ya koyi wannan duka. Ya ce a wurin uwarsa. Matan Abzinawa in za su yi kiɗan tande, turmi suke rufewa da fatar akuya, kuma suna yi suna yayyafa wa fatar ruwa, domin iskar wurin na busar da ita muryarta ta canza. Ba wadda ke jiƙa fata da safe ta ce ta gama da ita har dare. Na tuna makaɗanmu da ke gasa ganga a bakin wuta da hunturu. Ban san me ya sa muke ɗauka cewa abin da ke da maɓalli da lambobi ya fi ƙarfin wannan hidimar ba.

Bai karɓi kuɗin koyarwa ba, na maganin feshi kawai ya karɓa, jaka ɗaya. Ya kuma ba yaron wani guntun katako.

Da la'asar aka sake tare titin. Wannan karon yaron ya ja akwatin ya jingina bayansa da katangar laka ta gidan amarya, ya cusa katakon a ƙarƙashin gabansa yadda fuskar lasifika ta ɗago tana kallon kunnensa maimakon ƙwaurinsa. Jiya amo mai kaifi, da yake shi gaba yake tafiya, ta tsakanin ƙafafunsa yake wucewa, shi kuma yana jin gurnani kawai yana ƙara abin da bai kamata ba. Ni aka ba aikin tsayawa a bayan taro: hannu sama a ƙara, hannu ƙasa a rage. Sau biyu na ɗaga hannu, duka a kan masta.

Abin da na ji daga can baya ba zan ce ya girgiza mini hanji kamar na Kano ba. Amma na ji kiɗa. Gitocin na can sama suna ta zagayensu, babbar ganga na dukan ƙirji, bes ɗin kuma yana tsakaninsu yana tafiya kamar raƙumin da ya san hanya, kowane taku a fili. Na kuma lura da wani abu da tsohon ya nuna masa a ƙarshe: maɓallin da ya fi kusa ba a jikin akwati yake ba. In kiɗa ya yi sanyi, ana rakiyar amarya, sai ya matsar da hannunsa wajen wuyan gitar ya taɓa da tsokar yatsa, sautin ya yi laushi da kauri. In gudu ya tashi, samari sun shigo fili da rawani suna tsalle, sai ya koma can gindi inda tsirkiya ta fi tauri, sautin ya tsuke ya yi baki. Tsawon dare bai waiwayi akwatin ba sai sau ɗaya, bayan isha, da jama'a suka cika filin jikinsu ya shanye kaifin, ya ɗan ƙara mid na sama.

Dattijuwar jiya tana nan a wurinta. Da aka tashi ta aiko jikarta da dala ɗari ta kuɗin ƙasar ta ce a ba baƙon, yau an jona masa.

A nan zan ɗan yi ƙorafi, tunda na samu ilimin yin sa. Masu sa kiɗa a bukukuwanmu na Kano da Kaduna, yawancinsu saitin jan farce suke yi: a ƙure bes, a ƙure tirebul, a kashe tsakiya. Gilashin maƙwabta na rawa, jariri na firgita, amma ka tambayi wanda ke zaune a wurin me mawaƙin ya ce, bai sani ba, domin muryar mutum ma a tsakiyar take zaune. Ku rage bes ɗin nan kaɗan, don Allah. Lasifikarku ma za ta fi daɗewa.

Kwana huɗu muka yi a Agadas. Na hau hasumiyar ta wata matsattsiyar matakala da jemagu suka mayar gida, na sauko gwiwa na rawa. Na sayo wa Yaya cuku da gishirin Bilma. A dawowa akwatin cikin buhun leda ya shiga kafin bargo, aka ɗaure bakin tamau saboda ƙura.

Da muka iso Kano yaron ya mayar da akwatin kusurwarsa, ya kunna a kan saitin Agadas, sai ga shi ya yi ƙara da hanci, ga kuma gurnanin bango ya dawo ya haɗu da mid na ƙasa sun cika ɗakin. Ya ja shi taku biyu daga bango, ya rage wannan, ya ɗan ƙara wancan, cikin minti biyar ya samu abin da yake so. Sannan ya aiki ƙanwarsa ta kawo auduga da maganin goge farce, ya bi ɗigon nan ɗaya bayan ɗaya. Na gen kaɗai ya sake ɗigawa, a inda tsohon ya tsayar da shi.

Kuɗin kujerar amfilifaya kuwa, zuwa da dawowa, har yau Yaya ba ta biya ni ba.